Yadda Ake Cin Moriyar Yini Ɗaya a Tsibiri Ba Tare da Jirgin Ruwa Ya Tafi Ya Bar Ka Ba

Tun da muka dawo daga tafiyar mako guda a Bahar Rum, ni da uwargida da Baffa, ƙanen mahaifina, tambayoyi iri ɗaya ake ta yi mini a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Sakkwato. In jirgin ya tsaya a tsibiri, ya mutum yake yi? Akwai kabu-kabu a bakin tasha? A gari ake kwana ko a cikin ruwa? Mu da saninmu da ruwa bai wuce gulbin Rima da madatsar Goronyo ba, ba abin dariya ba ne a yi waɗannan tambayoyi. Wani abokina da ke shirin kai iyalinsa ya matsa sai na rubuta masa komai daki-daki, shi ne na ga gara in sa a inda kowa zai gani.

Jirgin yawon shaƙatawa otal ne mai tafiya. Da dare yake cin hanya, gari na wayewa ka gan ka a sabuwar tasha, da yamma kuma ya ɗaga. Yawanci yakan iso wajen bakwai ko takwas na safe, ya tashi biyar ko shida. A takarda awa tara ne ko goma. Amma in ka cire layin sauka da layin komawa da lokacin da za a rufe ƙofa, da ƙyar ka tsira da awa shida na yawo. A kan waɗannan awa shidan ne duk maganar take.

Tun kana gida

Da fasfon Najeriya, tsibiran Malta da na Girka duk bizar Shengen suke buƙata, wato biza ɗaya ta shiga wani rukunin ƙasashen Turai. Ka duba jerin tashoshin jirginka da kyau. In akwai wadda ke wajen yankin, kamar Turkiyya ko Tunisiya, to jirgin zai fita ya dawo ke nan, don haka biza mai shiga sau da yawa za ka nema, sannan ka bincika sharaɗin waccan ƙasar daban. Kamfanonin jirage da dama sukan so fasfo ya kasance da sauran wata shida. Inshorar tafiya kuwa dole ce wajen neman bizar, mai ɗaukar nauyin magani har Yuro 30,000.

Ka canji kuɗinka tun daga nan, kuma ka roƙi ɗan canji ya haɗa maka da ƙananan takardu, na biyar da na goma. Direban bas a tsibiri ba zai yi maraba da takardar Yuro 100 ba. Kada ka dogara da katin naira shi kaɗai. Je bankinka ka ji ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa. Ka sauke taswirar kowane tsibiri a waya ta yadda za ta buɗe ba intanet. Kilishin da Inna za ta ƙunsa maka kuwa, a cinye shi a Abuja, domin Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga wajenta ba.

Daren jajibiri: lissafi daga ƙarshe

Kowane dare za a kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko a sa ta a manhajar jirgin. Abu uku za ka nema a ciki. Na farko, lokacin da dole kowa ya kasance ya dawo. Wannan daban yake da lokacin tashi, galibi yakan riga shi da rabin awa, kuma shi ne naka. Na biyu, ko za a canza agogo a daren. Na uku, suna da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tashar. Ka ɗauki hoton shafin, ka kuma rubuta lambar a 'yar takarda ka sa a aljihu, don waya tana mutuwa.

Mu nan mun saba da tashar mota. Motar Illela ko ta Jega ba ta tashi sai ta cika, in ma wani ya tafi alwala sai fasinjoji su ce, direba dakata, saura mutum ɗaya. Jirgin ruwa bai san wannan zumunci ba. An kayyade masa lokacin zama a tasha, akwai matuƙin gari da zai fitar da shi daga mashigi, wani jirgin na iya jiran gurbinsa, gobe da safe kuma ana sa ransa a wata ƙasa. Za a kira sunanka a lasifika sau ɗaya, sau biyu, daga nan a janye gada.

Saboda haka daga ƙarshe ake fara lissafi. A ce ƙarfe huɗu da rabi za a rufe ƙofa. Cire awa ɗaya na ko-ta-kwana, ya zama uku da rabi kana bakin tasha. Cire tsawon tafiya daga wuri mafi nisa da za ka je, ka ƙara masa rabinsa saboda cunkoson yamma. Abin da ya fito shi ne lokacin juyowarka, ka sa wa waya ƙararrawa a kansa. Daga nan sai ka tsara yinin yadda wuri mafi nisa zai zo da safe, kana ƙara kusantar jirgi rana na yin ƙasa. Sayayyar tsaraba ta zama ƙarshe, a titunan da kana ɗaga kai za ka hango jirgin.

Kada ka cika wa cikinka buri. Wuri ɗaya babba da ɗaya ƙarami sun ishi yini.

Abin da za ka riƙa

Katin jirgi shi ne komai: makullin ɗaki, shaidar fita da shiga. Da shi za a san ka sauka, da shi za a san ka dawo. Haɗa shi da fasfo ko hotonsa, gwargwadon abin da jirgin ya ce ranar, domin wasu jiragen sukan riƙe fasfo a ofishinsu. Sai ruwan sha, maganin da kake sha kullum har da na kwana ɗaya ƙari, abin cajin waya na hannu, da 'yar gorar roba da za ta tsaya maka a matsayin buta, don ban-ɗakunan can takarda kawai za ka tarar, wasu ma sai ka biya tsaba kafin ka shiga.

A bar babbar riga a ɗaki. Iskar teku takan mayar da ita tanti, ga hawa da sauka. Kaftani da takalmi mai kama ƙasa sun fi. Duwatsun titunan tsoffin garuruwan nan sun sha tafiya har sun yi santsi, silifas ba ya riƙe su.

Sauka iri biyu ce

Wani wuri jirgin zai jingina da gaɓa a sa gada, ka taka da ƙafarka ka fita, ka dawo duk sa'ad da ka ga dama. Haka Valletta take, babban birnin Malta. Wani wuri kuma babu gurbin babban jirgi, sai ya tsaya a tsakiyar ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage masu inji. Haka Santorini ta Girka take. A irin wannan tasha akan raba tikiti mai lamba, waɗanda suka sayi rangadin kamfanin jirgi su ake fara sauke wa. In ka yi barcin safe kana iya kai goma da rabi ba ka taka ƙasa ba. Ka karɓi lambarka da wuri, ka kuma tambayi lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe, wanda yakan riga lokacin rufe ƙofa na sauran tashoshi. In teku ta yi fushi, kyaftin yana iya soke tsayawar ɗungurungum, ba kuma mai ja da shi.

Rangadin kamfani ko yawon kai?

Rangadin da jirgi ke sayarwa yana da tsada, wani lokaci ninki biyu ko uku na abin da za ka kashe da kanka, kuma za a yi ta kora ku kamar garke, minti ashirin nan, minti talatin can. Amma yana da fa'ida ɗaya da kuɗi ke saye: in motarsu ta makara, jirgi zai jira ta, ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. A ganina, in wurin da za ka ya fi tafiyar awa ɗaya, ko sai an sake ƙetare ruwa, ko kana tare da tsoho, biya ka huta. In gari ne da ke bakin tasha, asarar kuɗi ce.

Mai son tasi ya yi ciniki kafin ya shiga: nawa ne, na mota ne ko na kowane kai, zuwa ne kawai ko har da dawowa. In direba zai jira ku, kada a biya shi duka sai an dawo. Hayar mota ko babur mai ƙafa huɗu ban ba kowa shawara ba a yini ɗaya. Hanyoyin ƙanana ne masu kwana-kwana, wurin ajiye mota wahala, ƙaramin karo kuma zai cinye maka awannin da ba ka da su.

Malta: inda ƙafa da bas suka wadatar

Ka tashi da asuba ka hau saman jirgi don ganin shiga mashigin Valletta. Ganuwar dutse ce ruwan zuma ta ko'ina, garin yana bisa kamar an ɗora shi a kan faifai. An kafa shi a 1566, shekara guda bayan sojojin Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba tamu ta Shehu ba, sun yi wa tsibirin ƙawanya sun kasa cinsa.

Da ka fita daga tasha, bi hannun dama ta bakin ruwa 'yan mintoci za ka iske na'urar hawa ta Barrakka, mai tsawon mita 58. Yuro 1 muka biya kowannenmu, cikin ƙiftawar ido muna lambun Upper Barrakka. A ƙarƙashin lambun ne ake harba igwa da sha biyun rana da kuma huɗu na yamma. Ta huɗun nan tana da amfani: in ka ji ta alhali jirginka biyar zai tashi, to tattara.

Amma kada ka tsaya a Valletta da safe. Ratsa ta ka fita ta ƙofar gari, nan tashar bas take, ka hau lamba 51, 52 ko 53 zuwa Rabat, tafiyar kamar rabin awa ko fiye. Daga inda za a sauke ka ƙofar Mdina taku kaɗan ce. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, Madina ce dai, domin Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870 sun kuma riƙe shi fiye da shekara 200. Tsohon babban birnin ke nan, lungunansa ƙunci kamar na cikin garin Sakkwato wajen Hubbare, sai dai shiru, don ba a barin motoci su shiga sai na mazauna. Awa ɗaya da rabi ya isa, har da tsayawa a kan ganuwa inda za ka ga kusan rabin ƙasar, wadda dukanta murabba'in kilomita 316 ce.

A bas ɗin dawowa ne Baffa ya dafa ni. "Kai, saurara. Matar ga hamsin ta ce ko kunnena ne?" Ba kunnensa ba ne. Harshen Malta daga Larabci ya fito, da boko suke rubuta shi. Hamsin ɗinsu hamsin ce, sittin sittin, ranar Alhamis su ce Ħamis, kasuwa suq. Kiristoci ne, amma Alla suke kiran Ubangiji. Daga nan Baffa ya saki jiki kamar yana Tsohuwar Kasuwa. Suna kuma jin Ingilishi sosai, domin sai 1964 suka karɓi 'yanci daga Ingila. Gadon Ingila na biyu shi ne tuƙin hannun hagu, saɓanin namu, don haka in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Da rana sai ka zaga Valletta kanta, wadda ba ta fi ka ratsa ta cikin minti ashirin ba. Mai son shiga cocin St John don ganin gini da zane-zane ya san maza sukan cire hula. In lokaci ya rage, akwai jirgin fito da ke ƙetarawa zuwa Birgu cikin 'yan mintoci.

Santorini: inda na kusa jin kunya

Tsibirin bakin dutse ne mai aman wuta da ya fashe kimanin shekara 3,600 da suka wuce, teku ta cika ramin, a cikin ramin jirginka zai tsaya. Garin Fira yana can bisa gaɓa mai tsayin fiye da mita 200. Hanya uku ce ta hawa daga tsohuwar tasha: motar igiya mai tafiya a rataye a sama da ke kai ka cikin minti uku, matakala kusan 600, ko bayan jaki da alfadari. Motar igiyar ɗakuna shida ne ke hawa a kowane sawu, masu cin mutum shida-shida. Ka auna wannan da jirage uku ko huɗu a rana ɗaya, kowanne da dubban mutane. Tun 2025 ma Girka ta sa harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgi da ya sauka nan a tsakiyar bazararsu, don rage cunkoso.

Kowa Oia yake son zuwa, garin fararen gidaje da shuɗɗan ƙubbobi. Iya ake furta shi, kamar mai kiran uwa. Daga Fira bas yana kai wa cikin kamar rabin awa, kuɗi a hannu. Ka je da safe. Faɗuwar ranar da ake yi wa Oia kirari ba ta mai jirgin yamma ba ce. Wanda tarihi ya fi burge shi ya nufi Akrotiri, garin da toka ta binne, aka fara tono shi a 1967. Ɗaya za ka zaɓa.

Mun dawo Fira lafiya, muka zauna cin abinci. Wayata ta mutu don na yi ta ɗaukar hoto, abin caji kuma na bar shi a kan gado. Na ce, "Baffa, ƙarfe nawa?" Ya duba agogon hannunsa ya ce, "Biyu saura. Ci abincinka, yaro, da sauran rana." Sai da uwargida ta lura masu shagon suna kallon katin jirgin da ke wuyanmu suna kallon agogon bango, ta ce, "Malam, dubi can." Huɗu saura. Agogon Baffa yana nan a lokacin Sakkwato, bai taɓa shi ba tun daga filin jirgin Sultan Abubakar III. A bazararsu Malta tana gabanmu da awa ɗaya, Girka da awa biyu. Ƙaramin jirgi na ƙarshe huɗu da rabi.

Layin motar igiya ya miƙe ya sha kwana har ba a ganin ƙarshensa. Ni da uwargida muka kama matakala, tana riƙe da gefen mayafi da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata, muna kauce wa kashin dabbobi a kan dutse mai santsi, alfadarai na matse mu da bango. Baffa mai ciwon gwiwa aka ɗora a kan alfadari, yana ta salati, yana cewa ya bar jakai a Kara ya biya kuɗin jirgin sama ya zo Turai hawan ɗan'uwansu. Mun kai ƙasa saura minti goma, gwiwoyina na rawa. Wanda zai sauka ta motar igiya da yamma ya shiga layi awa ɗaya da rabi kafin jirgin ƙarshe. Wanda zai bi matakala ya ware rabin awa, in ƙafarsa lafiya.

Agogon jirgi shi ne hukunci. Wani lokaci yakan bi na gari, wani lokaci ba ya bi, waya kuma tana canza kanta ba shawara. Kafin ku taka gada, kowa a cikin tawaga ya daidaita agogonsa da wanda ke ƙofar fita.

Ci da sallah

A Girka, naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, wanda ya yi kama da shawarma, yawanci alade ne. Ka tambaya kafin ka nuna da yatsa. Kifi, salak, da wake da suke niƙawa sun fi kwanciyar hankali. A Malta akwai burodin ftira da kifin tuna. Pastizzi kuwa, mai cuku ko wake, ka tambayi irin man da aka yi ƙullin da shi. Ruwan kwalba ake sha a Santorini.

Ka yi alwala kafin ka sauka. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, batun haɗa salloli a tafiyar teku kuwa akwai maganganun malamai a kai, ka zauna da malaminka tun kana gida. Alƙibla ma ta juya: a Sakkwato gabas muke fuskanta da ɗan karkata arewa, a can kuwa gabas ce mai karkata kudu. Malta tana da masallaci a Paola, masallacin Mariam Al-Batool, tafiyar 'yan mintoci a tasi daga tasha, in Juma'a ta riske ka. A Santorini sai dai ka nemi gefe mai tsabta, ko ka koma jirgi da wuri.

Wajen biya da kati, in na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi Yuro. Canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Komawa, da abin yi in an makara

A ƙofa za a duba katinka a saka jaka a na'ura. Wuƙar ado ko takobin tsaraba za a karɓe a ajiye sai ranar sauka ta ƙarshe. Ka tabbata kowa a cikinku an danna katinsa, musamman yara. Da jirgi ya bar gaɓa ka kashe intanet ɗin layinka, domin wayar takan kama na tauraron ɗan'adam na jirgin, kuɗinsa kuma ba kama hannun yaro.

In ka ga alamar ba za ka kai ba, kada ka jira sai lokaci ya cika. Kira wakilin nan da ka rubuta lambarsa, faɗa masa sunanka, lambar ɗakinka, inda kake da minti nawa ya rage maka. Wanda aka san yana hanya ya fi wanda ya ɓace shiru samun sassauci, ko da yake ba alkawari ba ne. In kuwa jirgin ya riga ya tafi, wajen wakilin dai za ka nufa, don ma'aikata sukan bar masa fasfon wanda aka bari in yana hannunsu. Shi zai nuna maka yadda za ka cim ma tasha ta gaba, amma tikiti da otal duk daga aljihunka. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce.

Bayan cin abincin dare sabuwar takarda za ta iso ɗaki, ka sake lissafin daga farko. Daren da muka bar ruwan Girka an rubuta cewa a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Na je na ƙwanƙwasa wa Baffa ƙofa, na ce ya miƙo hannu, na gyara masa da kaina.